Zumar da Na Sayo a Zuru

A ƙarshen ranin da ya wuce na je Zuru ziyarar dangi, kuma kafin in juyo Birnin Kebbi sai kawuna ya kai ni wurin wani dattijo mai amya, wanda yake rataye amyoyinsa a kan ɗorawa da kaɗanya a bayan gari. Da dare yake cirar zumar, bayan ya kori ƙudan da hayaƙi, sannan ya matse saƙar ya tace ta da ƙyalle ba tare da ya ɗora ta a wuta ba, shi ya sa ƙamshin fure da ɗan ɓurɓushin kaki suke nan a cikinta.

Da hunturu ya shigo sai kwalba guda ta daskare, har uwargida ta ce an cuce mu da sukari. Ban yarda ba, domin ɗanyar zuma takan yi tsaki-tsaki idan sanyi ya kama ta, kuma da na tsoma kwalbar a ruwan ɗumi sai ta narke sarai. Jaririnmu kaɗai muka hana wa, tun da likitoci sun hana ba da zuma ga yaron da bai cika shekara 1 ba.