Minti 15 ɗin da suka riƙa cinye min kasafi

Lissafin da na yi kafin in ɗauki mataimakiya ta intanet, wato mai yi min aiki daga nesa, bai da wata wahala. Awa 10 a mako, ta amsa saƙonnin masu saye, ta shigar da oda, ta bi waɗanda suka karɓi kaya ba su biya ba. Na ninka kuɗin awarta sau 40, na ware shi a matsayin kuɗin wata. Aikinta kuwa ba ni da abin cewa, tsaf take yin sa.

Takardar kuɗin da ta turo a ƙarshen watan farko ta zarce abin da na ware nesa ba kusa ba. Na kira ta raina a ɓace. Ta ce, "Hajiya, ai yana cikin yarjejeniyar, ki duba sakin layi na uku." Yana nan kuwa: duk aikin da aka buɗe, ko na minti biyu ne, minti 15 ake rubuta masa. Sai na buɗe jadawalin lokacinta. Ƙarfe 9:12, duba lambar oda, 15. Ƙarfe 9:40, canza hoton kaya, 15. Ƙarfe 10:05, amsa tambayata ta "an turo kuwa?", 15. Ni da nake jefa mata saƙo a WhatsApp duk sa'ad da abu ya faɗo min a rai, ashe kowane saƙo huɗu awa guda ne cur.

Ban ce ta cuce ni ba. Tana da wasu masu ba ta aiki, kuma duk lokacin da na taɓa ta sai ta ajiye na wani, ta shiga asusuna, ta nemo inda muka tsaya. Hujjarta mai ƙarfi ce. Amma har yau in na tuna na biya kwatan awa don a ce min "eh, an turo", sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Akwai wasu ƙananan ramuka da suka taru a kai. Wata ba mako huɗu ba ne: mako 52 ne a shekara, awa 10 a mako ta zama 520, in ka raba gida 12 kana da awa 43 da ɗoriya. Google Workspace, tsarin imel da kayan aiki na Google don 'yan kasuwa, kuɗin kowane mutum daban yake caji, don haka buɗe mata imel na kasuwanci ƙarin kuɗi ne duk wata. Ga ladan tura kuɗi, ga canji in ba a ƙasa ɗaya kuke ba. Lokacin koya mata aiki shi ma a cikin awanninta yake. Duk waɗannan da an zauna da biro za a gano su, kuma ko an haɗa su ba su kai abin da minti 15 ɗin nan suka ci ba.

Yanzu komai a allo guda na Trello, manhajar jera ayyuka, nake tarawa, tana buɗewa safe da yamma ta yi su a zama ɗaya. WhatsApp sai in wuta ta kama. Abin da ake maimaitawa na ɗauki bidiyon fuskar kwamfutata ina yi, ta kalla ba sai ta tambaye ni ba. Mun koma ƙunshin awanni na wata, da sharaɗin ba za ta wuce iyaka ba sai na amince a rubuce.

Duk wanda ya ce min zai ɗauki mataimaki, kafin ma ya faɗi kuɗin awa nake tambayarsa: mafi ƙarancin lokacin da yake rubutawa nawa ne, kuma awannin da ba a cinye ba suna tsallakawa wata mai zuwa ko ƙonewa suke yi? Ni dai awannina ƙonewa suke yi, kuma muna kan tattauna wannan da mataimakiyata.