Yuraniyom yana ƙasa, lasisi yana Yamai

Duk wanda ke bibiyar hannun jarin ƙananan kamfanonin ma'adinai ya san yadda suke tallata kansu, taswira mai launi, hoton injin haƙa a cikin sahara, sai a ce maka akwai tan kaza a ƙarƙashin ƙasa. To ni dai tun da na ga abin da ya samu GoviEx na daina kallon taswirar da farko.

GoviEx a lokacin kamfanin Kanada ne, ƙarami, tun 2007 ya fara binciken yuraniyom a Madaouela kusa da Arlit a arewacin Nijar. Ya samu lasisin haƙa a 2016, a 2019 Mahamadou Issoufou da kansa ya je ya aza harsashi, amma shiru, ko laba ɗaya ba a fitar an sayar ba. Dalili kuwa a fili yake, irin wannan kamfani ba shi da kuɗin shiga, duk abin da zai kashe sai dai ya buga sababbin hannayen jari ya sayar, kai kuma da ka saya tun farko kasonka yana ta ƙanƙancewa kana zaune, gina mahaƙar kuma maganar ɗaruruwan miliyoyin dala ake wanda sai bankuna sun yarda, su kuwa bankuna da suka ji an yi juyin mulki a Yulin 2023 ai kowa ya ja da baya.

Abin haushin ma shi ne lokacin ne kasuwa ta yi kyau, a Janairun 2024 laba ɗaya ta yuraniyom ta haura dala 100, masu jari na ta murna sun ce kakarsu ta yanke saƙa. A Yuni gwamnatin soja ta Janar Tiani ta ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Faransa Orano, a Yuli ta ƙwace na Madaouela. Hannun jarin ya faɗi warwas, kamfanin ya kai ƙara kotun sasanci ta Bankin Duniya sannan ya maida hankali kan aikinsa na Muntanga a Zambiya.

Gaskiya ban ga laifin mutanen Arlit ba idan sun ce sun gaji da jira, shekara nawa ana musu alkawarin aiki.

Yanzu ido ya koma kan Global Atomic da mahaƙarsa ta Dasa a yankin Agadas, shi ma na Kanada ne, gwamnatin Nijar na da kashi 20 a mahaƙar. Su kam sun shiga ƙarƙashin ƙasa da gaske, ma'adinin ma ya fi na Madaouela ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa wasu ke cewa yanzu ne lokacin saye. Ni abin da nake son ji kafin in yarda, wa zai ba su bashin gina masana'antar, kuma in sun tace kayan ta wace hanya za su kai shi teku, tunda da ta Kwatano ake bi kuma kowa ya san yadda Nijar da Benin suka yi kan iyakar nan.