Tafiyar da na yi bayan Argungu kan maganar danshin shinkafa

Ranar wata Talata bayan sallar asuba muka bar Birnin Kebbi ni da direba da wani yaro mai aikin awo a kamfaninmu. Ni ne jami'in hulɗa da jama'a na wani kamfanin casar shinkafa, abin da ya taso mu kuwa wani saƙon murya ne da ke ta yawo a WhatsApp cewa wai sikelinmu na cin manoma, kwana uku kacal sai ga shanshera ta daina shigowa daga yankin Argungu. Manaja ya ce in rubuta sanarwa a kai rediyo, na ce ranka ya daɗe a bar ni in je tukuna, don mutumin da yake ganin an ci guminsa ba daga rediyo zai huce ba.

Hanyar Argungu ba nisa, kafin rana ta yi zafi mun shiga gari mun karya da kunu da ƙosai a bakin tasha. Na sa direba ya bi da mu ta Matan Fada ko da tsayuwar minti biyar ce. Duk lokacin da na zo nan sai na tuna cewa bikin kamun kifin da duniya ta sani, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado a 2016, asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ce a 1934 bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Da ƙafarsa ya zo, wannan shi ke ƙara min ƙarfin gwiwa a aikin nan.

Daga nan muka bar kwalta muka gangara fadama, shinkafar rani an yanke wata, wata tana shanye a kan tamfol, ga injinan ban ruwa nan birjik, tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015 noman nan ya canza fuska sosai.

Ban wuce wurin manoma kai tsaye ba, ƙofar maigari muka fara sauka, muka cire takalmi na durƙusa na ce Allah ya ja zamaninka, wajenka muka zo neman iso. Duk mai son wannan aiki ya riƙe wannan, ka tsallake mai wuri to ko gaskiya ka zo da ita ba mai saurarenka. Shi ya aika aka kira sarkin noma da liman, aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya.

Kusan awa ɗaya ban ce komai ba sai rubutu nake a littafi. Wani dattijo ya miƙe yana nuna min tafin hannunsa duk kanta, ya ce ɗana, buhu goma na kai muku aka biya ni kamar na tara, kuma da na tambaya wani yaro ya ce min haka tsarin yake. Wallahi maganar nan ta soke ni, don na san ba sata aka yi masa ba amma an yi masa abin da ya kusa kai sata ciwo, an sallame shi ba bayani.

Na ce baba kuna da gaskiya laifinmu ne, sannan na sa yaron awo ya fito da na'urar gwada danshi. Aka ɗebo shanshera daga buhun da aka yanke jiya, dattijon da kansa ya zuba ya danna, lambar danshin ta haura kashi 20 cikin ɗari, aka kawo wadda ta sha rana kwanaki ta sauko wajen 14. Na ce musu 14 ɗin nan ita ake nema, in ta wuce haka to ruwa ne a cikin nauyin, a ajiye ta ta yi fumfuna, shi ya sa ake ragewa. Dattijon ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya gatsa ta ce ƙas, ya ce ai mu da haka muke ganewa, ashe abu ɗaya ne.

Sun nemi ƙarin farashi, nan ne masu aikinmu da yawa ke faɗawa rami don son a tafa musu. Na ce wannan ba a hannuna yake ba, zan kai, kuma ranar Talata mai zuwa zan dawo da amsa ko daɗi ko ba daɗi. Abin da na iya ɗauka kawai na ɗauka, za a riƙa gwajin a gaban mai kaya a rubuta masa lambar a rasit ɗinsa.

Aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci sosai, na karɓi lambar sarkin noma na ba shi tawa ta kaina ba ta ofis ba. Magariba ta riske mu a Argungu, a cikin mota na fara rubuta wa manaja rahoto, na sa maganar dattijon nan a layin farko yadda ya faɗe ta.