Minti biyar da suka hana ni shiga sabar Kawu

Kawuna yana sayar da shadda da atamfa a kan sari a Kantin Kwari, kuma shekara uku ke nan lissafin kayansa da na masu cin bashi yana kan wata 'yar sabar da muke haya, wato kwamfutar da ke can nesa muna shiga ta intanet, mai tsarin Ubuntu 22.04. Ni ke kula da ita, domin duk gidanmu ni kaɗai ne ba na tsoron baƙin allon nan mai rubutu.

Wani dare ina duba /var/log/auth.log, fayil ɗin da ke rubuta duk wani yunƙurin shiga sabar, sai na ga layuka ba iyaka: "Invalid user admin", "Invalid user oracle", "Invalid user test". Ba wanda ya sa Kawu a gaba, na'urori ne ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, ƙofar SSH da ake shiga saba daga nesa ta cikinta, duk inda suka same ta. Tuni na rufe shiga da kalmar sirri, sai da mabuɗin SSH, don haka waɗannan ba su dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne mabuɗin kansa. Fayil ne a kwamfutar da nake rataya a jaka in hau adaidaita sahu, kuma don lalaci ban sa masa kalmar sirri ba. Duk wanda ya fizge jakar nan, shagon Kawu ya fizge.

Washegari na sa wa mabuɗin kalmar sirri, sannan na ƙara kuba ta biyu. Ban ko kalli lambar da ake turowa ta tes ba, na sha jiran ta banki har lokacinta ya ƙare ba ta iso ba. Na ɗauki TOTP, tsarin da aka rubuta ƙa'idarsa a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 6238 a 2011. Waya da saba suna riƙe da sirri guda, kowacce ta dubi agogonta, ta yanka lokaci daƙiƙa talatin-talatin, ta haɗa da sirrin ta fitar da lamba shida. Idan lambobin suka zo ɗaya, an buɗe maka. Ba ruwansa da data, ko layi babu a wayar zai yi aiki.

Girkawar ba wuya: sudo apt install libpam-google-authenticator, sai ka kira google-authenticator da asusun da kake shiga da shi, ba da sudo ba (umarnin da ke ba ka ikon mai kula da saba), don a cikin gidan asusun yake ajiye sirrin. Zai zana maka hoton QR ka haska da manhajar waya. Ni Aegis nake amfani da ita, amma Google Authenticator ma tana yi. Zai kuma ba ka lambobin gaggawa guda biyar, kowacce mai lamba takwas, sau ɗaya ake amfani da ita. Na kwafe su a bayan wani tsohon rasit na cusa a aljihun tebur. Daga nan sai tambayoyi. Na yarda kada lamba ɗaya ta shiga sau biyu, na yarda da gwaji uku kacal cikin daƙiƙa talatin. Da ya tambaya ko ya faɗaɗa rangwamen lokaci daga lamba 3 zuwa 17, wato kusan minti huɗu gaba ko baya, na ce a'a, ina ji da kaina.

A /etc/pam.d/sshd, fayil ɗin da ke tsara yadda ake tantance mai shiga, na ƙara layin auth required pam_google_authenticator.so, na sa # a gaban @include common-auth, in ba haka ba zai riƙa neman kalmar sirrin asusun ma. A sshd_config kuwa, fayil ɗin saitin sshd, manhajar da ke tsaron ƙofar SSH, layi uku ne: UsePAM yes, KbdInteractiveAuthentication yes, da AuthenticationMethods publickey,keyboard-interactive. Na ƙarshen nan shi ne mutane ke mantawa. Idan babu shi, mai mabuɗi zai wuce salin-alin ba a tambaye shi lamba ba, kai kuma kana zaune kana ganin ka kulle gida. Tsofaffin bayanai za su ce maka ChallengeResponseAuthentication, sunan dā ne, tun fitowa ta 8.7 ta OpenSSH, manhajar da sshd ke cikinta, aka koma sabon.

A nan na yi tuntuɓen farko. Na liƙa layukana a ƙasan fayil, alhali can sama akwai KbdInteractiveAuthentication no, kuma sshd maganar da ya fara karantawa ita yake riƙewa. Na sake tayar da shi, ya ƙi tashi. Allah ya taimake ni ban rufe tagar da nake ciki ba, ta nan na gyara. Tun ranar ba na taɓa fayil ɗin sai na bar taga ɗaya a buɗe, na gwada da sudo sshd -t, sannan in shiga ta wata sabuwa in gani da idona.

Wata biyu komai lafiya lau. Sai wata Asabar da hantsi Kawu ya kira, manhajar shago ta tsaya.

"Kai ɗan nan, ga baƙona daga Maraɗi a tsaye, dila shida zai ɗauka, ba mu san nawa ne ragowar bashinsa ba."

"Kawu, ku ba ni minti biyu."

Mabuɗi ya wuce, aka nemi lamba, na sa, aka ƙi. Na sake, aka ƙi. Na uku ma haka. Na jira, na goge gumi, na sake, shiru. Har zuciyata ta fara raya mini an shiga an canza sirrin. Kawu ya sake kira, wannan karon ko sallama babu. Sai na tuna da rasit. Na zazzage aljihun tebur, na same shi a ƙarƙashin tsofaffin caja, na sa lamba ta farko, ƙofa ta buɗe. Ashe cikar faifan sabar ce ta tsayar da manhajar shago, na share tarkace, baƙon Maraɗi ya ɗauki kayansa.

Da hankalina ya dawo na kira timedatectl, agogon saba daidai yake. Na dubi na wayata, sai na ji kunya. Kwana uku kafin nan na gaji da rasa raka'ar farko ta Asuba, na kashe saitin lokaci na kai-tsaye, na tura agogon gaba da minti biyar, dabarar da na gada wurin mahaifina da agogonsa na hannu. Wayar tana ba ni lambar da saba ba za ta karɓa ba sai bayan minti biyar. Ko da na yarda da faɗaɗawar nan ta lamba 17, da ba ta cece ni ba. Bambancin lokacin ƙasa da ƙasa ba ya hana komai, duka biyun da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, suke lissafi, amma minti biyar na hannuna sun isa.

Na mayar da agogon, na sayi ƙaramin agogon tebur don Asuba. Saboda masu ƙwacen waya kuma, na sa sirrin a wata tsohuwar waya da ba ta fita daga gida, kuma ba na haɗa waya da kwamfuta a jaka ɗaya. Ina sha'awar 'yan mabuɗan nan na FIDO da ake sokawa a USB, OpenSSH yana karɓarsu tun 8.2 a 2020, amma da dala ake sayensu, sai canji ya sauko.

Lambobi huɗun da suka rage na sake rubuta su a takarda mai kyau na kai wa Kawu. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan kuma lambar asusun wa?" Na ce ta shagonsa ce. Ya ninke ta ya sa cikin ambulan ɗin takardun fili.