Mita ɗaya, bakuna ɗari

A shekarata ta biyu ta karatun injiniyan lantarki a Amurka na sami lasisin rediyon 'yan sha'awa, kuma APRS, tsarin aika bayanin wuri da gajerun saƙonni ta rediyo, shi ne ya fara tafiya da hankalina. Za ka haɗa ƙaramar rediyo da na'urar GPS, ta riƙa jefa ɗan gajeren saƙo a iska: ga lambar kirana, ga inda nake, ga gudun da nake yi. In ka ƙaro murya ba abin da za ka ji sai wani ɗan ƙara kamar kukan gyare, kafin ka ankara ya wuce. Tashoshin da aka kafa a kan tsaunuka da dogayen benaye su cafe su maimaita, har saƙon ya faɗa hannun wata tasha mai haɗe da intanet, sai ga ka a taswirar shafin aprs.fi.

Ranar wani tseren kekuna aka ba ƙungiyarmu ta 'yan rediyo aikin bin sawun motocin da ke kwasar waɗanda suka gaji. Ni na saita na'urar mota ɗaya. Don kada ta ɓace mini, na sa ta yi cikiya kowane daƙiƙa 20, na kuma nemi a maimaita saƙon har zango uku.

Abin da ban auna ba shi ne duk nahiyar Amurka ta Arewa mita ɗaya masu APRS ke rabawa, megahaz 144.390, kuma gudun saƙon bai wuce bit 1200 a daƙiƙa ba, wato tafiyar hawainiya. In tashoshi biyu suka yi magana lokaci guda, sau da yawa duka biyun ne ke lalacewa. Cikiyata guda, tashoshin maimaitawa sun mai da ita biyar ko shida. Motata tana tafiya sumul a allo, amma ɗigon wata mota ya tsaya cak a wata mararraba kusan minti 15. Muka ce wa wani mahayi da ƙafarsa ta riƙe ya yi haƙuri, mota na dab da shi, alhali ta yi nisa tuni. Ya daɗe a rana, kuma har yau abin na ci mini rai.

Wani dattijon ƙungiyar bai yi mini faɗa ba. Ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini saƙonnin yadda suke shigowa, layi bayan layi, lambata ta cika allon. Ya ce, "Ɗana, duk lokacin da kake magana, wani ne ya yi shiru."

Shi ya ba ni labarin Bob Bruninga, mai lamba WB4APR, injiniya a Kwalejin Sojan Ruwa ta Annapolis, wanda ya ƙirƙiro tsarin, ya rasu a 2022. Ya sha nanata cewa bai yi shi don bin sawun motoci kawai ba. Nufinsa mutanen yanki su san abin da ke faruwa kewaye da su: yanayi, gajerun saƙonni, inda ake neman taimako.

Tun ranar na rage zangona zuwa biyu, na bar na'urar tana cikiya gwargwadon gudu da kwana, in mota ta tsaya ita ma ta lafa. Kuma kafin in ce wa kowa ga inda wane yake, sai na duba ƙarfe nawa aka ji shi na ƙarshe.