Neman matsalar wuta a tsohuwar Honda CG125 mai kontak

Babur ɗin da ya shekara goma ko fiye a jingine a zaure ko ɗakin ajiyar hatsi, da wuya injinsa ya ba mai gyara wahala kamar yadda wutarsa za ta ba shi. Fistin da ringi ana ganinsu da ido, a auna a canza. Waya kuwa tana iya ruɓewa a cikin robarta, daga waje tana nan sumul. Abin da ke cin kuɗin mutane a garejojin ƙauyukanmu, daga Ringim zuwa Gumel, shi ne canje-canje ba tare da awo ba: yau a sa sabon fulogi, gobe koyil, jibi a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo maganeto, wato ɗan janaretan da ke jikin inji, sukutum, alhali laifin yana wurin kusa guda mai tsatsa.

Honda ta fara ƙera CG125 a 1975, kuma na farko-farkon masu wutar bolt 6 ne da kontak, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, kafin a koma bolt 12 da CDI, na'urar da ta maye gurbin kontak. A irin wannan tsohon tsari wutar ta rabu gida uku, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta lalube. Akwai wutar fulogi, wadda maganeto ke bayarwa kai tsaye ba ruwanta da batir. Akwai wutar babbar fitila, ita ma daga koyil ɗin cikin maganeto take zuwa, shi ya sa take ƙara haske idan aka ja totur. Sai wutar batir, mai ɗauke da hon, tirafiketa, fitilar birki da ta firi. Saboda haka idan babur ya ƙi tashi, sayen batir ɓarnar kuɗi ne.

Kafin komai a cire tanki da sirdi, a bi wayoyin da hannu daga kai har wutsiya. Ɓera ya fi cin waya a ƙarƙashin sirdi, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa a cikin kwanon fitila da maɓallan hannu. Wurin da waya ta fi karyewa shi ne wuyan babur, inda take lanƙwasawa duk juyin da aka yi wa kai. A ja kowace a hankali: wadda ta miƙe kamar roba, tagullar cikinta ta tsinke.

Daga nan sai at, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfen babur. A Honda koriyar waya ce. Nan ne masu farfaɗo da tsohon babur suka fi faɗawa rami, domin sukan fesa wa firam sabon fenti mai kauri, sannan su ɗaure koyil da koriyar waya a kan fentin. Fenti ba ya wuce da wuta. A goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a kai don kada tsatsar damina ta dawo. Haka za a yi wa inda inji ya haɗu da firam. Mai mitar awon wuta ya sa ta a awon bolt, tsinke ɗaya a negetif ɗin batir, ɗaya a jikin inji, ya danna hon ko birki. Idan ta nuna sama da 0.2, at ɗin bai yi kyau ba. Alamar da kowa zai iya gani ba mita ita ce fitilar baya ta riƙa ƙyaftawa tare da tirafiketa.

To sai wutar fulogi. Fulogin CG125 shi ne NGK D8EA, ratarsa milimita 0.6 zuwa 0.7. A cire shi, a mayar masa da hularsa, a ɗora jikinsa a kan inji, a buga kik a cikin inuwa. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara tas-tas. Ja ko rawaya siririya ba za ta ƙona fetur ba idan fistin ya matse. Idan babu wuta sam, kada a taɓa maganeto tukuna. A irin wannan babur makulli ba ya kunna wutar fulogi, kashe ta yake yi ta hanyar haɗa ta da jiki. A zare wayar kashewa daga makullin, wadda a mafi yawan Honda baƙa ce mai ratsin fari, a sake bugawa. Wuta ta dawo, to makullin ne ya cika da ƙurar hunturu ko ruwa ya shige shi. Hular fulogi ma a kwance ta a auna: mai resista takan nuna wajen om 5,000. A datse kamar santimita 1 daga bakin wayar, inda ya yi kore, a sake murɗa hular.

Idan duk wannan bai kawo wuta ba, a buɗe murfin inji na hagu. Kontak yana bayan filawil, wato ƙarfen maganeto mai maganaɗisu da ke juyawa, ana hango shi ta tagar da ke jikinsa. A juya filawil har bakin kontak ya buɗe iyakar buɗewa, ratar ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, bakin kontak ɗinsa yakan yi wani fari-fari da ke hana wuta wucewa. A zura samfefa mai laushi a goge, sannan a bi da farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da datti. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana shi rufewa. A jikin filawil akwai alamar F da T. Dole kontak ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan tsagar da ke jikin inji. Hanya mai sauƙi ita ce a sa siririyar takarda a bakinsa, a riƙa juyawa a hankali ana ɗan janta: inda ta suɓuce, nan ya buɗe. Ƙara rata yana gaggauta wutar, rage ta yana jinkirta ta. Mita mai ƙara tana ruɗin mutane a nan, domin ko kontak ya buɗe za ta ci gaba da kuka, tunda wuta na bi ta koyil ɗin maganeto zuwa jiki. A ɗiga ɗigo ɗaya na baƙin mai a kan ɗan audugar da ke shafar kam, kada ya wuce ɗaya. Idan kuma an tarar da mai ya jiƙa wurin, sil ɗin kiransha ne ya mutu, kuma ko sau nawa aka goge kontak zai sake ɓaci.

Kwandensa, wadda ke rage tartsatsi a bakin kontak, ana gane mutuwarta da hali. Babur zai tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar kilomita kaɗan, da ya yi zafi ya fara tari da harbi, a bar shi ya huce ya sake tashi. Idan aka leƙa tagar filawil inji na aiki, za a ga tartsatsi mai yawa a bakin kontak. Koyil mai shirin mutuwa ma haka yake yi, amma kwandensa ta fi araha, don haka da ita ake farawa. Cire filawil kuwa da fularsa ake yi. Dukansa da guduma yana raunana maganaɗisu, yana iya lanƙwasa bakin kiransha, kuma maganaɗisun da ya raunana ba ya dawowa a gareji.

Mai babur da ke kukan ƙwan fitila na yawan ƙonewa, a tambaye shi batir. Tsofaffin nan ba su da regileta mai daidaita ƙarfin wuta. Batir ɗin ne ke shanye rarar wuta, kuma an lissafa wat ɗin kowane ƙwai daidai da ƙarfin koyil. Idan aka cire batir, ko ya bushe, ko ƙwan baya ya mutu aka ƙyale shi, ragowar wutar sai ta taru a kan na gaba, da an ja totur ya ƙone. A mayar da ƙwayaye masu bolt 6 da wat ɗin da aka rubuta a jikin na asali. Batir cikakke yana nuna wajen bolt 6.3, idan inji na gudu ya haura zuwa kusan 7. Bai haura ba, a auna rektifaya, mai mayar da wutar maganeto ta dace da cajin batir: ya kamata ta wuce da wuta ta gefe ɗaya kawai. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir ake ƙarawa idan na cikinsa ya ragu, ba na rijiya ko na burtsatse ba, kuma a yi caji da kashi ɗaya bisa goma na ƙarfinsa, wato amfiya 0.4 ga batir mai 4Ah. Jona shi a farantin sola na bolt 12 yana iya dafa shi.

Fiyus da ke ƙonewa da an murɗa makulli, kada a naɗa masa waya ko takardar gwangwani, domin wayoyin babur ɗin ne za su narke a madadinsa. A jona ƙwai mai bolt 6 a gurbin fiyus ɗin. Muddin akwai waya mai taɓa jiki, ƙwan zai haska sosai. Sai a riƙa zare haɗin wayoyi ɗaya bayan ɗaya a cikin kwanon fitila, lemo ta tirafiketar hagu, shuɗiya mai haske ta dama, koriya mai ratsin rawaya ta birki. Wadda aka zare ƙwan ya mutu ko ya dushe, a bi ta har inda ta goge, a yanke wurin, a haɗa da dalma, a rufe da tef.