Yau ƙanina ya bar ajin 'yan dagaji

Talata, da dare.

Da hantsi ƙanina ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na damben ƙwararru, ni ne shaida. Kafin nan mun biya asibiti mun karɓo sakamakon gwajin jini da na ido da hoton ƙwaƙwalwa, domin ba a ba da lasisi sai da su. Alhamdu lillahi, komai lafiya.

Takardar ce ta ci mana lokaci. Shi so yake ya rattaba hannu mu tashi, ni kuwa na ce sai an karanta layi bayan layi. Tsawon wa'adi, yawan wasannin da aka yi alkawari a shekara, kason manaja, kason koci, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan an ji rauni. Abin da aka saba shi ne koci ya karɓi kashi 10 cikin 100 na ladan wasa, manaja kuma yakan kai har kashi ɗaya bisa uku. Wannan ba sabon abu ba ne a wurina. Abin da na tsaya a kansa shi ne kada manajan ya kasance yana da hannu a kamfanin mai shirya wasa, domin mai nema maka farashi mai kyau bai kamata ya zama shi ne mai biya ba. A Amurka har doka suka yi a shekarar 2000, da sunan Muhammad Ali, wadda ta raba waɗannan ayyuka biyu. An ƙara mana layin a rubuce, sannan na ce masa bismillah.

Da yamma muka je atisaye, a nan ne na ga girman aikin da ke gabanmu.

Koci ya ɗaure wa ƙanina safar dambe mai igiya mai nauyin oza 8 ya ce ya taɓa jakar naushi. Shi kuwa yaron ya saba da ta oza 10 mai taushi ta 'yan dagaji. Bayan naushi kaɗan ya juyo ya ce, "Yaya, ai ina jin ƙashin hannuna a ciki." Na ce masa abokin karawarka ma haka zai ji nasa a fuskarka. Daga nan aka mayar masa da babbar safar atisaye, aka haɗa shi da wani tsohon hannu, turmi shida.

Turmi ukun farko ƙanina ya burge kowa. Shiga, taɓa, fita, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Haka aka raine shi, domin damben 'yan dagaji turmi uku ne na minti uku-uku, wanda ya yi jinkirin farawa ya riga ya faɗi. Shi kuwa tsohon hannun bai damu ba. Yana rufe fuska, yana matsowa, yana saka naushi a haƙarƙari, idan an rungumi juna ya sakar masa nauyinsa a kafaɗa. A turmi na biyar hannuwan yaron suka fara sauka, bakinsa a buɗe. Koci bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, zauna a kan ƙafafunka. Naushi biyu masu nauyi sun fi goma na iska."

Raina ya sosu, don duk abin da ake so ya rage yanzu shi ne abin da ya ciyo masa lambobin yabo. Amma gaskiya koci ya faɗa. Wasan farko turmi huɗu ne, daga nan shida, takwas, goma, har goma sha biyu idan Allah ya kai shi neman kambu, kuma gudun minti tara ba zai kai mutum can ba.

A hanyar dawowa ya kawo maganar ɗan dambe Vasiliy Lomachenko, wanda ya ci kambun duniya a wasansa na uku na ƙwararru a 2014. Na tuna masa cewa mutumin ya zo da zinare biyu na Olamfik, na 2008 da na 2012, ya yi wasa kusan ɗari huɗu a 'yan dagaji, sau ɗaya tak aka doke shi. Duk da haka a wasansa na biyu Orlando Salido ya yi nasara a kansa da irin abin da muka gani yau, matsi da naushin ciki da nauyin jiki. Anthony Joshua ya ci zinare a Landan a 2012, amma sai a wasansa na 16, a 2016, ya ɗauki kambun duniya na IBF, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe. Audley Harrison ya ci zinare a 2000 a ajin nauyi ɗaya da Joshua, har ya yi ritaya bai riƙe babban kambun duniya ba. Na fi son ƙanina ya bi hanyar Joshua, a hankali, kowane abokin karawa ya ɗan fi na baya wuya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin nasara da faɗuwa. A da idan an doke shi a gasa, wata gasar na tafe, kowa ya manta. Yanzu kowace faɗuwa rubutacciya ce a gefen sunansa, da ita za a yi masa farashi. Wannan ne ke sa wasu manajoji su riƙa kawo wa yaro waɗanda ba su iya komai ba, ya tara nasarori bai koyi abin kirki ba, ranar da ya haɗu da gwani kuma a ji masa ciwo. Ba na son wannan, kuma ba na son a jefa shi gaban wanda ya fi ƙarfinsa saboda kuɗi.

Manajan ya kira bayan mun iso gida, ya ce akwai sunaye biyu da ake dubawa don wasan farko. Na ce ya turo bidiyon wasanninsu, ni da koci za mu kalla gobe kafin mu ba shi amsa.